Zamna ko zauna? Abin da Hausar Filinge ke faɗa game da tsohuwar Hausa

Matashin da ya taso a Filinge ya tafi ci-rani Kano ko Abuja ba ya kwana biyu sai an gane shi daga bakinsa. Zai ce "zamna" inda Bakano ke cewa "zauna", ya ce "biyat" a maimakon "biyar", ya kira sauro da "sabro". Sau da yawa dariya ce ke biyo baya, wani ma ya ce masa Hausar ƙauye yake yi. Kafin shekara ta zagayo, ya gyara baki don ya huta da tsokana.

Sai dai a wurin masana ilimin harshe, lamarin a juye yake. A waɗannan kalmomi uku, mutumin yamma ne ya riƙe tsohon furuci, bakin Kano ne ya sauya. Da irin waɗannan bambance-bambance ne masana suke gano yadda Hausa take a bakin kakanni ɗaruruwan shekaru da suka wuce, tun babu rediyo, babu na'urar ɗaukar murya.

Batun ya ƙara nauyi tun daga watan Maris na 2025, lokacin da Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu kan sabon kundin sake gina ƙasa, wanda ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma suka koma harsunan aiki. Tambayar da ke biye ita ce: wace Hausa za ta shiga aji da ofis, kuma mene ne makomar sauran?

Bakin iyakar Hausa ta yamma

Filinge na cikin Jihar Tillaberi, kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, a gefen kwarin Dallol Boso. Ita ce cibiyar ƙasar Kurfey, kuma mutanenta su ne Kurfayawa. Maƙwabtansu sun haɗa da Zabarmawan Tondikandiya, da mutanen Tagazar wajen Baleyara, da Abzinawan Imanan wajen Bonkuku, da Fulani makiyaya. Daga gabas kuma akwai ƙasar Arewa ta Dogon Dutse da ƙasar Adar ta Tawa. Ke nan Kurfey ita ce kusan bango na ƙarshe na ƙasar Hausa ta fuskar yamma.

Masana na sanya karin harshen yankin cikin rukunin Hausar yamma, tare da Sakkwatanci da Gobiranci da Adaranci da Arewanci. Tun a 1978 wani masani, Jean-Guy Malka, ya wallafa nazari cikin Hausa a mujallar Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, inda ya kwatanta Hausar Filinge da daidaitacciyar Hausa. A 1991 kuma Bafaranshe Bernard Caron ya fitar da littafi guda kan Hausar Adar.

To, ta yaya karin harshen wani yanki zai zama shaidar tarihi? Ɗaya daga cikin ƙasashen da suka daɗe suna fama da irin wannan tambaya ita ce Sin, kuma hanyar da aka bi a can tana haska abin da ake yi da Hausa.

Yadda aka tono tsohon Sinanci

Rubutun Sinanci ba ya nuna furuci kai-tsaye yadda boko ko ajami ke yi. Alama ɗaya tana wakiltar kalma ko gaɓa, kuma mutumin Beijing da na Guangzhou za su kalle ta su fahimci abu ɗaya, amma kowa ya karanta da nasa sautin. Saboda haka tarin tsofaffin littattafai kaɗai bai isa ya nuna yadda mutanen da suke magana ba.

Abin da ya fara ta da hankalin malaman ƙasar shi ne waƙa. Akwai wani tsohon kundi mai waƙoƙi 305 da ake kira Shijing, wanda ya haura shekara 2,500. Idan aka karanta shi da furucin baya-bayan nan, amsa-amon baitoci da yawa ba ya daidaita. Wani malami mai suna Chen Di, wanda ya rasu a 1617, ya nuna cewa mawaƙan ba kuskure suka yi ba, furucin ne ya sauya bayansu.

Shaida ta biyu ita ce ƙamusun Qieyun, wanda Lu Fayan ya kammala a shekara ta 601. Dabararsa ita ce bayyana furucin kalma ta hanyar wasu kalmomi biyu: ta farko ta ba da baƙin farko, ta biyu ta ba da sauran. Kamar a ce maka, don ka furta "gari", ɗauki farkon "gona" ka haɗa da ƙarshen "bari". Wannan ya nuna kalmomin da ke da sauti iri ɗaya, amma bai faɗi ainihin sautin ba.

Wanda ya cike giɓin shi ne Bernhard Karlgren, ɗan ƙasar Suwidin, a wani aiki da ya wallafa tsakanin 1915 da 1926. Ya tattara furucin yankuna daban-daban na Sin, ya haɗa da yadda Japanawa da Koriyawa da mutanen Biyetnam ke furta kalmomin da suka ara tun da daɗewa. Misali, goma a Mandarin, harshen hukuma, "shi" ne, amma a harshen Kanton da 'yan kasuwarmu ke ji a Guangzhou "sap" ne, a Koriya kuma "sip". Shida a Mandarin "liu" ne, a Kanton "luk". Uku "san" ne a Mandarin, "sam" a Kanton da Koriya. Wannan ya tabbatar da cewa tsohon Sinanci yana rufe gaɓa da p, t, k da m, harshen babban birni ne ya zubar da su ko ya sauya su, na kudu ya riƙe.

Aikin bai tsaya nan ba. A 2014 William Baxter da Laurent Sagart sun fitar da sabon hasashe kan Sinancin da ya girmi na Qieyun, kuma har yau masana na muhawara a kai.

Dokar da ke ɓoye cikin "talauci" da "fatauci"

Abin mamaki, babban sauyin da ya faru a Hausa shi ma a ƙarshen gaɓa ya faru. Wanda ya fara tsara bayaninsa shi ne Bajamushe August Klingenheben, a wata maƙala da ta fito a 1927 zuwa 1928. Shi ya sa ake kiran abin Dokar Klingenheben. Taƙaitaccen bayaninta shi ne, wasu baƙaƙe suna raunana idan suka zo a ƙarshen gaɓa.

Kowane Bahaushe na ɗauke da shaidar a bakinsa. Muna cewa talaka, amma talauci. Ina k ɗin ta tafi? Asalin kalmar "talakci" ne, sai k ta zama u. Haka sarki da sarakuna suke da k, amma sarauta da sarauniya babu. Jam'in ɓauna shi ne ɓakane, na zuciya zukata, na Buzu kuma Bugaje. A jam'i baƙin yana gaban wasali, don haka ya tsira. A tilo ya faɗo ƙarshen gaɓa, sai ya narke.

Rukuni na biyu shi ne na t, d, s, z da danginsu, waɗanda ke komawa r. Dubi maza-maza da marmaza, ko kada da kar, ko ɓata da ɓarna. Kalmar da ta fi nuna abin ita ce farke. Jam'inta fatake ne, sana'ar kuma fatauci. Saiwar kalmar tana da f, t da k. A fatake duka ukun suna nan. A farke t ta zama r. A fatauci k ta zama u. Mutanen yamma kuwa "falke" suke cewa, wato a wurinsu t ɗin l ta koma.

Rukuni na uku shi ne na baƙaƙen leɓe, wato b, f da m, kuma a nan ne Hausar yamma ta zama babbar mai ba da shaida. A Kano sun koma u a kalmomi da yawa, amma a yamma suna nan daram:

zauna da zamna, ƙauna da ƙamna, ɗaure da ɗamre, tauraro da tamraro, sauka da sabka, sauro da sabro, auduga da abduga, taushi da tabshi, aure da amre (wasu su juya shi su ce arme).

Ta yaya aka san na yamma ne na asali? Daidaitacciyar Hausar ce da kanta ke tona asiri. Bakanon da ke cewa zauna shi ne ke cewa zama, da m ɗinta. Mai cewa juji shi ne ke cewa jibaje a jam'i, alhali a yamma tilon ma "jibji" ne.

Wane sauyi ne ya riga wani?

Masanin Amurka Paul Newman, wanda ya koyar a Jami'ar Bayero a shekarun 1970, ya rubuta littafi sukutum kan wannan doka a 2004, sannan a 2022 ya fitar da littafin tarihin harshen Hausa. Daga cikin abin da ya jaddada akwai cewa sauye-sauyen ba rana ɗaya suka faru ba.

Hujjar mai sauƙi ce. Sauyin k da g zuwa u ya game ko'ina, domin mutumin Filinge da na Kano duk talauci suke cewa. Wannan na nuna ya faru tun kafin kare-karen Hausa su rarrabu. Sauyin b da m kuwa ya tsaya a gabas, ke nan daga baya ya zo, kuma bai kai yamma ba.

Kalmomin aro na taimakawa wajen kimanta lokaci, kamar yadda na Japan da Koriya suka taimaki Karlgren. Sunan Abdu ya zama Audu, kuma allura ta samo asali ne daga "al-ibra" ta Larabci. Tunda b ɗin waɗannan kalmomi ta narke ita ma, to sauyin ya faru ne, ko kuma yana kan faruwa, bayan kalmomin Larabci sun shigo ƙasar Hausa.

Maƙwabtaka da Abzinawa, irin wadda ake gani a Kurfey da Adar, ita ma ta bar sawu. Takobi daga "takoba" ta Abzinanci take. Takarda ma ta bakinsu ta iso, kuma asalinta na can nesa shi ne "karta" ta Latin. Masani Maarten Kossmann ya tattara irin waɗannan kalmomi a wani littafi a 2005.

Yamma ma ta yi nata sauyin

Kuskure ne a ɗauka cewa duk abin da aka ji a Kurfey ko Sakkwato shi ne na asali. Babu karin harshen da ya tsaya cik. Inda Kano ke cewa fari, fita da fuska, yamma na cewa "hwari", "hita" da "huska". A nan masana na ganin yamma ce ta sauya, domin harsunan da ke da dangantaka da Hausa suna da f ko p a irin waɗannan wurare. Har sunan karin harshen ma abin ya shafa, shi ya sa ake ganin an rubuta shi Kurhwayanci.

Amma a wasu wuraren yamma ta sake yin riƙo. Kalmar 'ya ta samo asali ne daga ɗiya, wadda har yau ita ce a bakin mutanen Nijar da Sakkwato. Harafin r da ke ƙarshen "rigar" ko "motar" asalinsa t ne, ɗan'uwan "ta" da ke cikin "riga ta Musa". Sannan "munka zo" da "sunka tahi" sun adana wani yanki da "muka" da "suka" suka rage. Hatta kalmar harshe, a yamma "halshe" ce, kamar yadda harbi yake "halbi".

Don haka aikin masani shi ne ya jera kowane sauti shi kaɗai, ya duba wa ya riƙe, wa ya saki. Idan ya kai ga wata siga da babu wanda ke furta ta yau amma hujja ta nuna ta taɓa wanzuwa, sai ya sa mata alamar tauraro a gaba, don a san hasashe ne.

Ajami, waƙoƙi da bakin Dorugu

Hausa ba ta da ƙamus mai shekara 1,400 kamar Qieyun, amma tana da nata rubutattun shaidu. Waƙoƙin ajami na malaman ƙarni na 19, irin su Nana Asma'u wadda ta rasu a 1864, cike suke da siffofin Hausar yamma. Ajami na da wata fa'ida da boko ba shi da ita, domin yana nuna dogon wasali ta hanyar alif, wawu da ya. Waƙoƙin kuma an gina su ne kan ma'aunin da ke bambanta gaɓa mai nauyi da marar nauyi, ga kuma amsa-amo a ƙarshen baiti. Duk inda ma'auni ko amsa-amo ya ƙi zama da furucin yau, akwai yiwuwar tsohon furuci ne ke leƙowa, irin abin da Chen Di ya lura da shi.

Wata shaidar ta fito ne daga bakin wani yaro ɗan ƙasar Damagaram mai suna Dorugu, wanda ya bi matafiyi Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855. A can ne James Frederick Schön ya rubuta labaransa, waɗanda suka shiga littafin Magana Hausa na 1885. Rubutun Schön bai bambanta wasu sautuka yadda muke yi yau ba, amma duk da haka ya adana Hausar wani ɗan yankin da yau yake cikin Nijar, ta fiye da shekara 160. Sai kuma ƙamusun G. P. Bargery na 1934, wanda ya riƙa nuna yankin da aka ji kalma, ko Katsina ko Sakkwato ko Gobir.

Dangin Hausa na nesa

Idan ana son a wuce inda rubutu da kare-karen harshe suka tsaya, sai a koma ga dangi. Hausa na cikin rukunin harsunan Cadi, waɗanda suka haura 150, ciki har da Bolanci, Ngizim, Bade, Angas da Tangale. A 1966 Paul Newman da Roxana Ma suka wallafa kwatancen da ya zama tubalin sake gina kakan waɗannan harsuna.

Daga irin wannan kwatance aka gano cewa wata tsohuwar r ta zama y ko i a Hausa. Kalmar mai, a harsunan Cadi da dama, tana ƙarewa ne da r, kamar "mar" ko "mor". Kifi kuma ana hasashen asalinsa *kirfi ne. An kuma lura cewa sunayen gaɓoɓin jiki da yawa suna farawa da "ha": hanci, haƙori, haɓa, hanji, harshe. Masana na ɗaukar wannan a matsayin tsohon ɗafi. Idan aka cire shi daga "halshe", abin da ya rage yana kama da "lisan" na Larabci. Wannan ba aro ba ne, gado ne, domin Cadi da Larabci da Abzinanci duk rassa ne na babban gida ɗaya da ake kira Afro-Asiya. Lura da cewa sigar yamma mai l ce ta sa dangantakar ta fito fili.

Abin da ke cikin haɗari

Daidaita harshe abu ne da ake buƙata, kuma an daɗe ana yin sa. An yi taron Bamako a 1966 kan rubuta harsunan Afirka ta Yamma, an yi na Yamai a Janairun 1980 kan daidaita rubutun Hausa. Har yau akwai ɗan bambanci, inda Nijar ke rubuta ƴ, Najeriya kuma 'y. Littafin makaranta da takardar hukuma na buƙatar tsari ɗaya.

Matsalar ita ce abin da ke faruwa da baki. Finafinan Kannywood, sassan Hausa na gidajen rediyon duniya, TikTok da Facebook, duk sun fi karkata ga Hausar Kano. Yaron da ya girma a Yamai ko Agadas ko Akara yana iya jin "zamna" a bakin kakarsa, amma shi ba zai faɗa ba. Ga matsalar tsaro a arewacin Tillaberi, wajen Abala da Banibangu, wadda ta tayar da ƙauyuka ta kuma sa zuwa ɗaukar bayanai ya yi wuya. Idan ƙauye ya watse, mutanensa suka bazu cikin birane, karin maganarsu ne ke fara gaurayewa.

Akwai wuraren da aka tanada don adana irin wannan gado. A Yamai akwai cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni mai ajiyar tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami, da cibiyar CELHTO ta Tarayyar Afirka mai kula da tarihin baka. A Kano kuma Jami'ar Bayero na da cibiyar nazarin harsunan Najeriya. Faya-fayen mawaƙa irin su Narambaɗa da Ɗan Gurmu na Tawa su ma taska ce ta furucin yamma.

Sai dai mafi yawan shaidar tana bakin tsofaffi ne, kuma abin ɗaukar ta yana aljihun jikokinsu. Saƙon murya na WhatsApp da wata tsohuwa ta aiko daga Cikal ko Filinge zuwa ga ɗanta a Legas ko Tarabulus, irin abin da Karlgren ya sha yawo yana nema ne a Sin. Abin da ke mayar da shi shaida mai amfani kaɗan ne: a nemi izinin mai magana, a rubuta garinsu da kimanin shekarunsa da ranar da aka ɗauka, a bar shi ya yi tatsuniya ko labarin noma ko lissafi daga ɗaya zuwa ashirin da bakinsa na gida, kuma kada a gyara masa. Idan ya kai biyar ya ce "biyat", a bar ta haka.